Kan sarki da shekarar bugu: matsalar jeranta tsofaffin kuɗin ƙarfe na Turai bisa gidajen sarauta

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu shi ne wani kuskure da muke yawan gani cikin kundayen ɗalibai in sun dawo daga bincike a ƙauyuka. Ɗalibi ya je wajen wata tsohuwa, ko wajen maƙerin fari, a ɗauko masa dalar azurfa mai kan mace, a bayanta tsuntsu mai kai biyu. Ya duba ya ga an rubuta 1780, sai ya sa cikin kundinsa cewa kuɗin nan ya shigo Damagaram ko Adar tun ƙarni na 18. Wani har babi guda yakan gina a kan haka. Alhali shekarar da ke jikin dalar ba ta tabbatar da wannan magana ba, kuma wanda bai san yadda masana suke kasa kuɗin Turai ba, ba zai gane dalili ba. Saboda haka muna so mu bi hanyar da aka saba bi wajen jeranta waɗannan kuɗi, wato bisa zamani da gidan sarauta, mu nuna inda take da amfani, mu kuma nuna inda take ɓad da mai bincike. Ra'ayinmu shi ne, suna da surar da ke kan kuɗi suna faɗin wanda aka jingina wa kuɗin ne, ba lalle su faɗi wanda ya buga shi ba, balle shekarar da aka buga shi.

1. Tsarin da aka gada

Lissafin zamani da sunan sarki ba baƙon abu ba ne gare mu. In dattijo ya ce abu ya faru zamanin Tanimun, mun san inda za mu aje shi cikin tarihin Damagaram ko da bai ambaci shekara ba. Haka masu tara kuɗi na Turai suka yi. Da kuɗin Rumawa suka fara, tun da kowane sarkin Rum yakan sa kansa da sunansa da laƙabansa a kan kuɗi, sai jerin kuɗin ya bi jerin sarakuna. Wanda ya mai da wannan al'ada ta zama ilimi mai ƙa'ida shi ne Jozef Eckhel, mai kula da taskar kuɗin fadar Biyana, cikin littafinsa mai juzu'i 8 da ya fito tsakanin 1792 da 1798. Ya jera kuɗin Girkawa bisa ƙasashe da birane, na Rumawa kuwa bisa shekaru da sarakuna. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗora kuɗin sauran zamunna a kan wannan tsari.

In muka ɗauki Faransa misali, akwatunan da ake kasa kuɗinta a ciki sanannu ne: gidan Sharliman, gidan Kape daga 987 zuwa 1328, gidan Balwa daga 1328 zuwa 1589, gidan Burbon daga 1589 zuwa 1792, sa'an nan juyin juya hali da abin da ya biyo baya. Ba za mu musa cewa tsarin yana da fa'ida ba, domin manyan canje-canjen kuɗi da yawa suna da sarkin da za a nuna. Sharliman ne, wajen 793 zuwa 794, ya ƙara nauyin diniyen azurfa ya kai kamar giram 1,7, ya kuma ƙarfafa lissafin nan na diniye 12 su ɗaya, su 20 libur ɗaya, lissafin da Ingila ta riƙe har 1971. Luwi na 9 ya fito da babbar azurfa mai darajar diniye 12 a 1266. A 1360 aka buga zinariyar da aka fara kira farank, lokacin da ake neman kuɗin fansar sarki Jan na 2 daga hannun Ingilishi, waɗanda suka kama shi a yaƙin Fuwace a 1356. Luwi na 13 kuma ya fito da zinariyar da ta ɗauki sunansa a 1640, bugun inji maimakon bugun guduma. Wanda ya riƙe waɗannan shekaru, in an miƙa masa tsohon kuɗin Faransa, zai iya cewa ga ƙarnin da ya fito ko kusa da shi. Iyakar abin da tsarin yake bayarwa cikin sauƙi ke nan.

2. Sunan da ya ƙi mutuwa

Wahala ta farko ita ce, kuɗin Turai na tsakiyar zamani ba su ɗauke da shekara. A nan musulmi sun riga su da nisa: tun gyaran da halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi a shekara ta 77 ta hijira, wato 696 zuwa 697, dinari yana faɗin shekararsa da kansa, dirhami kuma har da garin da aka buga shi. A Turai sai a 1234 aka sami kuɗin da ke ɗauke da shekarar miladiyya, a Roskilde ta ƙasar Danmark, kuma abin bai zama al'ada ba sai ƙarni na 16. A Faransa, Faransuwa na 1 ne ya ba kowane gidan bugu harafinsa a 1540 (A na Paris, B na Ruwan, D na Liyon), sa shekara kuwa ya zauna ne zamanin ɗansa Hanri na 2. Kafin nan mai bincike ba shi da abin riƙo sai sunan sarki, shi ma ba tare da lamba ba. Azurfar da aka rubuta wa PHILIPPVS REX ba ta faɗi ko Filib na 3 ne ko na 4 ko na 5.

Wahala ta biyu ta fi wannan girma. Sau da yawa sarki ya mutu, a ci gaba da buga kuɗi da sunansa, ba don mantuwa ba, sai don mutane sun saba da kuɗin, sun yarda da shi. A garin Mel, cikin ƙasar Fuwatu, inda ake haƙar azurfa, an yi ta buga diniye da sunan CARLVS tun ƙarni na 9 har ƙarni na 12, bayan gidan Sharliman ya daɗe da faɗuwa. Wanda ya bi suna zai sa waɗannan kuɗi cikin akwatin gidan Sharliman, alhali masu bugunsu hakiman Fuwatu ne na zamanin gidan Kape. Su kansu sarakunan farko na gidan Kape, kuɗinsu kaɗan ne cikin kuɗin da ke yawo a ƙasar, domin hakimai da manyan limaman coci da gidajen sufaye kowa yana buga nasa. Ashe akwatin gidan sarauta bai ƙunshi ko rabin abin da talaka yake kashewa a kasuwa ba.

Misalin Ingila ya fi fitowa fili. Daga 1180 zuwa 1247 kwabon azurfa iri ɗaya aka buga, mai guntun gicciye a baya, kuma duk da sunan HENRICVS. Cikin waɗannan shekaru 67 sarakuna huɗu suka yi mulki: Hanri na 2, Risha, Jan, da Hanri na 3. Risha da Jan ba su sa sunansu a kan kwabon Ingila ba sam. Masana ba su iya raba kuɗin nan ba sai da suka bar sunan sarki suka koma ga ƙananan abubuwa: yadda aka zana gashi da gemu, siffar haruffa, da sunan mai bugu da na garinsa waɗanda ke rubuce a baya, sunayen da ake iya gwamawa da takardun fada. Da haka aka kasa su aji takwas. Suka kuma dogara da tarin kuɗin da mutane suka binne aka tono daga baya: in aji kaza yana fitowa kullum a goge, aji kaza kuwa sabo fil cikin tukunya guda, an san wanda ya riga wani.

Akwai kuma wani kuɗi guda da ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, ko da yake shi kaɗai ne irinsa da aka sani. Offa, sarkin Marsiya cikin Ingila daga 757 zuwa 796, ya sa an buga zinariya da ta kwaikwayi dinarin halifa Mansur na Abbasiyawa. Kalmar shahada tana jiki, da shekara ta 157 ta hijira, wato 773 zuwa 774, sa'an nan aka tsarma OFFA REX a tsakiya, a kife bisa ga rubutun larabcin, abin da ke nuna mai sassaƙa hatimin bai iya karanta abin da yake kwafa ba. Yana nan aje a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Shekarar da ke jikinsa ta dinarin da aka kwafa ce, ba tasa ba. Abin da kawai take tabbatarwa shi ne ba a buga shi kafin 773 ba.

3. Ko bayan an fara sa shekara

Mutum zai zaci daga ƙarni na 16, da shekara da lambar sarki da surarsa suka hau kan kuɗi, magana ta ƙare. Ta yi sauƙi dai, amma ba ta ƙare ba. An kashe Luwi na 16 ran 21 ga Janairu 1793, bayan an soke sarauta tun Satumba 1792, amma akwai azurfa mai kansa mai shekarar 1793. Kuɗin Napoleyon kuma, daga 1804 zuwa 1808, a fuska suna kiransa sarkin sarakuna, a baya suna cewa Jamhuriyar Faransa. Sai a 1809 aka canza bayan ya koma Daular Faransa. Wane akwati za a sa su, na jamhuriya ko na daula? Ga kuma kalandar juyin juya hali, wadda ta fara ran 22 ga Satumba 1792 aka bar ta a farkon 1806: kuɗin da aka rubuta wa AN 12 na 1803 zuwa 1804 ne, kuma cikin wannan shekara guda akwai masu kiran Bonafat shugaban jamhuriya, akwai masu kiransa sarki.

A ƙasashen da Ispaniya ta mallaka a Amurka, nisa ne ya kawo ruɗani. Riyal takwas ɗin da ake bugawa a Meziko da Lima da Potosi, mai nauyin kamar giram 27, ya ratsa gidajen sarauta biyu, Habsbur har 1700, Burbon daga nan. Tun 1732 ake buga mai ginshiƙai biyu da inji, ginshiƙan da Larabawa suka ɗauka igwa ce suka sa wa kuɗin suna abu madfa. Da Karlos na 3 ya mutu a Disamba 1788, labari ya riga sabon hatimi isa Meziko, sai aka yi ta buga sunan Karlos na 4 a kewaye da kan ubansa a 1789 da 1790. Da Farnando na 7 ya hau a 1808, masu sassaƙa na Lima ba su taɓa ganinsa ba, suka ƙago masa fuska, aka yi shekaru ana bugawa da ita.

4. Dalar Mariya Tereza

Yanzu mu komo ga dalar da muka fara da ita, domin duk matsalolin nan sun taru a kanta.

Sunan kansa daga wani kwari ya fito mai suna Yowakimstal, cikin Bohemiya, ƙasar Cek ta yau, inda hakiman gidan Shilik suka fara buga manyan azurfa wajen 1520. Aka gajarta sunan ya koma taler, daga nan dalar Amurka ta sami sunanta, daga wannan tushe kuma tamu dalar ta fito. Mariya Tereza ta gidan Habsbur ta yi mulkin Ostiriya da Hungari da Bohemiya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga taler da kanta a 1741, kuma yarjejeniyar 1753 da Babariya ta tsai da ma'auninta: giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfa kashi 833 cikin 1000. Mayafin da ake gani a kanta na zawarci ne, an ƙara shi bayan mutuwar mijinta Faransuwa na 1 a 1765. A bakin kuɗin an rubuta kalmomi biyu na latinanci masu ma'anar adalci da rangwame, kuma amfanin rubutun bakin shi ne hana masu kankare azurfa daga gefe.

Ta rasu ran 29 ga Nuwamba 1780. Bisa al'ada da sai kuɗinta ya ba da wuri ga na ɗanta Jozef na 2. Amma fataken gabas, na daular Usmaniyya da ƙasashen Larabawa, ba su son wata azurfa sai ita, don haka aka bar gidan bugu na Ginzbur ya ci gaba da tsohon hatimi, da shekarar 1780 yadda take. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin kafaɗarta sunayen ma'aikata biyu ne na wannan gida, Schöbl da Faby, kuma har su aka ci gaba da kwafa bayan gidan ya rufe a 1805. Biyana da Milan da Banis da Firag duk sun buga ta cikin ƙarni na 19. A 1858 ta daina zama kuɗin kashewa a Ostiriya kanta, ta zama kuɗin fatauci zalla. A 1935 Italiya ta karɓi hatiman daga Ostiriya ta buga ta a Roma saboda yaƙin Habasha, sai sauran ƙasashe suka ga su ma ba za su zauna ba: aka buga ta a Landan, da Paris, da Burusel, da Bambai ta Indiya, wasu har farkon shekarun 1960. Gidan bugu na Biyana bai daina buga ta ba har yau. An ƙiyasta abin da aka buga ya haura miliyan 300, mafi yawansu da shekarar 1780.

To ina za a aje ta? In an bi sura, ta Habsbur ce ta ƙarni na 18. In an bi mai bugu, tana iya zama ta Italiyar Musolini, ko ta Ingilar Joji na 6, ko ta Jamhuriyar Faransa, ko ta Jamhuriyar Ostiriya wadda ta kori gidan Habsbur tun 1918 zuwa 1919. Masana sukan raba su ta hanyar da muka gani a kwabon Ingila: yawan duwatsun da ke kan kambinta da kan maɗaurin kafaɗa, siffar alamar X da ke bin shekara, gashin wutsiyar tsuntsun, da ko an rubuta harafin U ko V cikin sunan Ostiriya. Abin lura shi ne, ƴan kasuwar ƙasashen Larabawa sun riga masana duba waɗannan ɗigogi, har ɗaya daga cikin sunayen da suka sa mata shi ne abu nuƙɗa. Su ba zamani suke nema ba, suna duba ko kuɗin ya goge ne ko na jabu ne. Matsalarmu a nan ita ce, dalar da ta yi shekaru a wuyan mace ko a goshin yarinya, waɗannan ɗigogin su ne farkon abin da ke gogewa.

Ba mu ce dala ba ta daɗe a ƙasar Hausa ba. Ta shigo tare da ayarin hamada daga Tarabulus ta Fazzan, ta kuma shigo ta gabas. Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarad da ana canjin azurfar Ispaniya ko ta Ostiriya wuri 2500. Wannan shaida ce mai shekara, ana iya dogara da ita. Amma shaidar daga matafiyin ta fito, ba daga lambar da ke jikin kuɗin ba. Dalar da ke hannun tsohuwa a Zinder tana iya zama ta ayarin zamanin Tanimun, tana kuma iya zama wadda wani alhaji ya sayo a Makka shekaru sittin da suka wuce. Da yawa daga cikin tsofaffin ma ba za mu gan su ba, maƙeran Agadas da Tawa sun narkar da su sun yi zobba da mundaye da kayan wuya.

5. Azurfar tamma biyar

Akwai wata babbar azurfa da ake rikita ta da ta Mariya Tereza, ita ma dala ake ce mata: tamma biyar ta Faransa, mai giram 25, azurfa kashi 900 cikin 1000, bisa dokar 1803. Ita shekararta gaskiya ce, kuma tana jeruwa sumul bisa masu mulki: Napoleyon, Luwi na 18, Sharl na 10, Luwi Filib, Napoleyon na 3, da jamhuriya mai surar ƙato tsaye tsakanin mata biyu. Tun da Faransa da Beljik da Italiya da Siwis suka haɗa ma'aunin kuɗinsu a 1865, wanda ya ga kan Lewofol na 2 ko na Biktor Emanuwel na 2 cikin tarin irin wannan azurfa kada ya yi mamaki, kuma kada ya ce an yi ciniki da Beljik.

Sai dai a nan ma shekara tana iya yaudara ta wata fuskar. An dakatar da bugun wannan azurfa a 1878, sojojin Faransa kuwa a 1899 suka shiga Zinder. Ke nan duk tamma biyar ta azurfa da mulkin mallaka ya zuba a ƙasar nan, ta hanyar albashin soja da sayen kaya da neman haraji, tsohuwa ce tun ranar da ta iso. Kan Luwi Filib mai shekarar 1840 a cikin tukunya a Maradi bai nuna cinikin 1840 ba. Wannan azurfa ce ta bar mana lissafin da muke yi har gobe, inda tamma biyar ta sefa take dala guda, tamma ɗari take dala ashirin, ko da yake kuɗin sefa a 1945 aka ƙirƙiro shi, kuma dalar yau ba ko ƙwayar azurfa a cikinta.

Shawararmu ga ɗalibin da aka nuna wa irin waɗannan kuɗi ita ce ya buɗe wa kowane guda takardarsa. Ya auna nauyi da faɗi. Ya kwafi rubutun fuska da na baya da na baki harafi-harafi, ba tare da gyara abin da yake gani kamar kuskure ba. Ya ɗora takarda ya goga fensir in ba shi da abin ɗaukar hoto. Ya rubuta ko an huda kuɗin, ko an liƙa masa kunne, ko an goge shi da toka, kuma ya roƙi mai shi kada a ƙara gogewa. Sunan sarki da gidan sarauta su zo a layi guda, wurin bugu da shekarar da ake zato a wani layi dabam, ko da layin na biyu zai zauna da alamar tambaya. Sa'an nan ya zauna ya tambayi mai kuɗin daga wa ta gaje shi, a wane aure ko wace tafiya ya shigo gidan, kuma wa ke sarauta a garin a lokacin.